Yadda Za Ka Sa Ɗanka Ya Ci Ganye Ba Tare da Kai Ka Ci Ba

Idan kai uba ne da ke ture ganye gefen faranti amma kana so ɗanka ya tashi yana cinsa, to ka zo wurin da ya dace. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. An gwada ta a kan maƙwabcina, wani kafinta, kuma ga shi nan da ransa, kullum muna gaisawa. Ka bi matakan a jere, na ba ka tabbacin yaro zai ci.

1. Ka nemo wanda za ka ɗora wa laifi

Kafinta har furfura ta fara leƙo masa bai taɓa haɗiye alayyahu da saninsa ba. Tun yana ƙarami mahaifiyarsa ke tsince masa ganye daga cikin miya, ta tara a murfin tukunya. Ya girma da imanin cewa duk wani abu kore a abinci ado ne, kamar fenti a jikin kujera.

Yana da 'ya ɗaya, ana kiranta Jela, don duk inda ya sa ƙafa tana bayansa. In ya maƙala fensir a kunne, ta maƙala. In ya ture ganye, ta ture. Sai ta fara yawan kwanciya, tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ta ja fatar idonta ta duba, ta ba da magani, ta ce jinin yarinya ya yi ƙasa, a dage mata da ganye da wake. A hanyar komawa gida maman Jela kallon mijinta kawai take yi. In aka yi maka irin wannan kallo, ka ce ai gado ne.

2. Ka yabi abin da ka tsana, da ƙarfi

Yaro ba ya jin wa'azi, bakinka yake kallo. Saboda haka ka yi ƙaryar da ta cika ido. Kafinta ya zauna gaban shinkafa da alayyahu, ya naɗe hannun riga, ya ce:

"Jela, kin san ƙofar nan da na ɗauka ni kaɗai jiya?"

"Na gani, Baba."

"To wannan ganyen ne. In ban ci shi ba, ko guduma ba na iya ɗagawa."

Kada ka haɗa ido da matarka lokacin da kake wannan magana. Mata suna da wani tari na musamman da ke rushe aiki.

3. Ka koyi ɓatar da shaida

A nan gwaninta take. Ka ciko cokali da ganye, ka ɗaga shi har kusa da baki, sai ka ce, "Wane ne a ƙofa?" Kafin yaro ya juyo, ganye ya shige aljihu. Daga nan ka ci gaba da tauna iska, kana lumshe ido, kana gyaɗa kai.

Kafinta ya yi sa'a, rigar aikinsa tana da aljihu babba na zuba ƙusa. Aka wayi gari ƙusoshinsa suna fitowa da maiƙo, masu kawo aiki suna tambaya ko sabon salo ne. Amma Jela ta fara ci. Tana yamutsa fuska, tana korawa da ruwa, amma tana ci. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya kuma fara ganin kansa gwanin tarbiyya.

4. Ka toshe bakin masu sani

Mutum biyu ne suka san asirinka. Ta farko ita ke wanke rigar.

"Baban Jela, aljihunka nake ciyarwa ko kai?"

"Ki rufa min asiri. Ba ga shi tana ci ba?"

Ta biyu ta fi haɗari. Mahaifiyarsa ta zo ganin jika, ta tarar da ganye a farantin ɗanta, sai ta jawo farantin ta fara tsincewa. "Wa ya zuba masa wannan? Ai tun yana..." Kafinta ya miƙe ya ce ya yi mata sabuwar kujera a shago, lallai ta zo ta gwada yanzu. Babu wata kujera. Sai da ya yi ta a ranar, tsohuwa na zaune tana jira.

5. Kada ka kwanta ciwo

Wannan mataki na fi jaddadawa, kuma shi kafinta ya karya. Ya sunkuya zai ɗaga katako, baya ya riƙe. Aka kawo shi gida aka shimfiɗe a katifa, daga shi sai singileti da zane. Ka lura da kyau: singileti ba ta da aljihu.

Da rana maman Jela ta ga yarinya ta cinye shinkafa ta bar ganye. Ta ɗauka an koma gidan jiya, har ta fara faɗa. Jela ta ɗauki farantin da hannu biyu ta shiga ɗaki, ta zauna a bakin katifa.

"Baba, na bar maka nawa. Ka haɗa da naka ka samu ƙarfi."

"Ki ci abinki, ke likita ta ce."

"Ba zan ci ba sai ka tashi."

Ya ce wane ne a ƙofa. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ciko cokali ta kai masa baki, ta kafa masa ido. Matarsa na jingine da bango, ta harɗe hannu, ba ta da niyyar ceton kowa.

6. Ka haɗiye

Babu wata dabara a nan. Kafinta ya buɗe baki. Ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye.

"Da daɗi?" in ji Jela.

Mutumin da ke kwance ba aljihu ƙarya tana yi masa wuya. Ya ce, "Jela, gaskiya kamar ciyawa yake."

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Ni ma ba na so, Baba. Amma in na ci kana murna."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga tausayin yarinyar ya cika masa ƙirji. Ya karɓi cokalin ya ce to a raba, shi ɗaya ita ɗaya, wanda ya tofar ya faɗi. Haka suka share farantin, kowa na yamutsa fuska. Yanzu tafin hannunta ya dawo ja, baya ya sake shi, amma ba a sallame shi daga ganye ba. Kullum sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa kafin ta ɗauki nata cokalin.

Gargaɗi

Na yi alkawari yaro zai ci, ya kuma ci. Ban yi alkawarin za ka tsira ba, ko da sunan rubutun nan ya sa ka zaci haka. Mai wannan shawara ba ruwansa da rigar da ta lalace, ko matar da ta daina ganin girmanka a bakin faranti, ko kujerar da ba ka yi niyyar yi ba. Idan kuma ka gano ɗanka yana haɗiye abin da ba ya so don kawai ya ga haƙoranka, kada ka zo min da kuka. Ka je ka zauna ka ci ganyenka.