Yahuza Ba Masassaƙi Ba Ne

Garin Dogarawa ya yi sa'a da Allah ya ba shi Yahuza. Kakansa turmi yake sassaƙawa, ubansa ma haka. Shi kuwa ya je wani ɗan horo a Yamai, ya dawo da hula a karkace da siririn gemu, ya hana kowa ya kira shi masassaƙi.

"Masassaƙi," in ji shi, yana ɗaga yatsa a teburin mai shayi, "shi ne mai yin abin da ake mora. Ni artis ne. Abin da na sassaƙa kallonsa kawai ake yi. Ranar da aka mori aikina, na zama babana ke nan."

Jama'a suka laƙaba masa Kallo-Kawai, ya karɓa da murna.

Aikinsa na farko gungumen kirya ne mai rami a ka, ya sa masa suna Kukan Zamani. Bai daɗe a ƙofar gida ba Safara'u maƙwabciya ta daka gero a ciki, har ta yaba zurfinsa. Na biyu ya yi shi dogo, babu rami. Ran kasuwa Gidaɗo makiyayi ya ɗaure bijiminsa a jiki, ya ce bai taɓa ganin turke mai nagarta haka ba, ya aiko da ƙwaryar nono. Yahuza ya kwanta zazzaɓi.

Da ya tashi, ya rantse sai ya yi abin da zai gagari garin. Ya sassaƙa wani abu mai ƙahoni ta ko'ina, ba ya zaunuwa, ba ya tsayuwa, ba a gane samansa da ƙasansa. Ya ɗauki kulki ya tsaya gadi. Bayan gida kawai ya kewaya, ya dawo ya tarar an rataya kuɓewa a ƙahonin tana shan rana, kaji sun shige ƙarƙashi, wani manomi yana roƙon a ara masa ya kori tsuntsaye a gonar dawa. Har daga Badagishiri aka fara aiko saƙo: a gai da gwanin masassaƙin nan, a ce ya yi musu irinsa.

Ya je wurin ubansa, Malam Sallau, kamar zai yi kuka, ya tambaye shi ko a gidan nan an taɓa yin abin da ba a mora.

Tsoho bai ajiye gizagonsa ba.

"An yi ɗaya," ya ce. "Tun ranar da aka raɗa masa suna muke kallonsa."

Yahuza ya gyara hula, ya tambaya a wane ɗaki aka ajiye shi.