Tsarabar Kusiri

"In zare ɗaya daga kayan nan ya dawo unguwar nan, ki tsaya a tsakiyar kasuwa ki kira ni ɓarauniya."

Ni na faɗi wannan magana, da bakina, a ƙofar ɗakin Hajiya Dije, har da buga ƙirji. Ko ranar da zan manta sunayen jikokina, wannan rantsuwa ba za ta fita kaina ba.

Daminar da ruwa ya ci gidaje a Kusiri ce, can tsallaken kogi. Autata Hauwa da ƙawayenta suka kafa ƙungiyar taimako (su dai asosiyasiyon suke ce mata, don a san sun zauna a aji). Suka yi ta yawo gida gida, ba wadda ta buɗe musu akwati. Sai suka sa ni gaba, domin a unguwarmu ta Marjandafak ba gidan da ban ci tuwon sunansa ba, kuma ba matar da ban san abin da ke ƙasan gadonta ba. Yanzu ma Hauwa ce ta ce tunda na koyi rubutu da tsufana, na ishi kowa da karanta allon shaguna a hanya, to in rubuta wa matan da za su shiga aikin nan shawara. Ga shi ina rubutawa. Wadda ta yi dariya Allah na ganinta.

Shawarar farko ita ce, in kun je roƙo kada ku ce "a ba da abin da ya samu". Ku faɗi abin da ake so, zane, bargo, gidan sauro. Ni na ce abin da ya samu, wata baiwar Allah ta miƙo min takalmi mai tsini. Mutane na cikin laka har gwiwa, ita tausayin da ta ji ke nan.

Hajiya Dije kuwa matar wani ɗan kasuwa ce, ba su daɗe da zuwa daga Kano ba. Firjinta ne kaɗai ba ya mutuwa a layinmu, duk mai sayar da zoɓo a nan take ajiya, saboda haka abin da ta faɗa shi ake yi. Da na je mata ko tabarma ba ta ja min ba.

Ta ce, "Iya, mu fa mun ga irin wannan. A tara kaya da sunan talaka, ranar biki a gan su a jikin 'yar mai tarawa."

Na ce, "'Yata kike nufi?"

Ta ce, "Ni ban kama suna ba."

Nan ne na yi waccan rantsuwa. Ta shiga ciki ta fito da ƙunshi ɗaure tamau ta ajiye a gabana, ta ce, "To ga nawa. In na ga ya isa inda aka ce, karo na biyu ni zan tara miki matan layin nan. In ba haka ba, ko tsumma ba za ki ƙara samu ba." Karo na biyu kuwa shi ne babba, na tabarmi da tamfol, mutane na kwana a fili. Don haushi ko kwance ƙunshin ban yi ba, na jefa shi cikin buhu.

Ranar kai kaya na ce da ni za a je. Ai ba kullum mutum ke zuwa aikin taimako ƙasar waje ba. (Na sani, Kusiri ce. Daga bakin kogi ana hango shanyar mutanen garin. Amma akwai gada, akwai masu duba takarda, tuta ma daban ce. Kamaru ce, ƙasar waje ce, kada wata ta rage min.) Na shiga gidaje ina sallama, ana ta "Allah ya kiyaye hanya, Iya, a kawo mana tsaraba." Na fito da leshina na zuwa biki da awarwarona, Hauwa ta gani ta riƙe baki.

"Inna, wurin mutanen da suka rasa komai za mu je fa. Ki sa kaya marasa ado."

To ni ba na yin abu rabi. Na ɗaura zanen da nake tuƙa tuwo da shi, na cire 'yan kunne, na zura silifas ɗin banɗaki, na yafa wani tsohon mayafi da ya fi Hauwa shekaru. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ai kuma ba haka na ce ba," amma mota na jira. Ku mata, in an ce kada ku yi ado, ba a ce ku fi waɗanda za ku taimaka wa zama abin tausayi ba. Akwai tsaka-tsaki. Ni ban same shi ba.

Muka tsallaka gada, muka isa wani fili da aka kafa rumfuna. Su Hauwa suka miƙa buhunanmu ga masu kula da wurin, sannan aka kira su can wani gefe da ake duba marasa lafiya. Na tambaya ni wane aiki zan yi. Hauwa ta ce, "Inna, gwiwarki. Zauna a inuwa tukuna." Ta nuna min gindin darbejiya inda wasu tsofaffi ke jere a kan tabarma. Na je na samu wuri a tsakiyarsu na zauna. Suka matsa min. Na ce a raina, kai, mutanen Kamaru sun san darajar baƙo.

Wannan ma ku riƙe. Kafin ku bar gida ku tambayi aikin da za ku yi a can, da wanda za ku tsaya kusa da shi. Wanda ya je taimako ba shi da aiki, shi ma kaya ne, sai an nemo inda za a ajiye shi.

Can sai ga wata yarinya da riga mai tambari a ƙirji, tana bin tsofaffin ɗaya ɗaya. Ta durƙusa a gabana, ta gaishe ni da Larabci irin wanda muke yi a garinmu, har da riƙe min hannu.

"Kaka, ya ruwa?"

Duk wanda ya san ni ya san ba a yi min wannan tambaya a tafi da wuri. Na ce, "'Yar nan, ruwa ai ya gama da mu. Zaure ya tsage, katangar baya ta kwanta, kajina sai ɗaya ta rage." (Duk gaskiya ne. Ban dai faɗa mata cewa sauran kajin yanka su muka yi ba, tunda ba ta tambaya ba.)

"Mai gida fa?"

"Ya daɗe a ƙasa."

"Wa ke kula da ke?"

"Wa kuwa? 'Ya'yan yanzu? Wadda ta kawo ni nan ma ta ajiye ni ta yi gaba."

Yarinyar nan har idonta ya kawo ruwa. Na ce a raina, ga tarbiyya, ba irin su Hauwa ba da in kana ba su labarin ciwonka suna latsa waya. Ta tafi, ta dawo da bokiti shuɗi cike da kaya, da sabulu da gidan sauro da bargo, ga wata lafaya koriya a naɗe a sama. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ki yi haƙuri da kaɗan, Kaka."

Ku tsaya ku ji ni kafin ku yanke hukunci. Tun ina yarinya, in ka yi tafiya ka je garin mutane, ka zauna aka gaisa, in za ka tashi sai mai gida ya kawo ɗan wani abu ya ce "ka yi haƙuri da kaɗan". Wannan sallama ce. Ba a mayarwa, mayarwa raini ne. Kuma in an ba ka, to an ce maka ka kama hanya ke nan. Na ga an ba sauran tsofaffin ma, na ce su ma baƙi ne irina. Na sa wa yarinya albarka har ta gaji da cewa amin, na ɗora bokiti a ka, na nemi mota. A gada mai duba takarda ya kalli bokitin, ya kalli silifas ɗina, ya ce, "Wuce, Kaka, Allah ya mayar da alheri." Na ce, ka ga, har hukuma ta san na yi aikin lada.

Na buga wa Hauwa waya na ce an sallame ni, na yi gida. Hayaniya ta hana ta ji da kyau, ta ce to.

Wanda ya dawo daga ƙasar waje ba ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da la'asar na yi wanka, na sa leshin nan da aka hana ni, na shimfiɗa tabarmi, na ɗora shayi. Mata suka cika tsakar gida suna sannu da hanya. Na ba su labarin wahalar da muka sha wajen rabon kaya (inuwa ma ai wahala ce in ta yi yawa). Sannan na jawo bokiti. Sabulu na yanka shi gida gida. Gidan sauro na ba wata mai jego. Bargo na ce nawa ne, ni ma ina da jiki. Lafayar kuwa na ajiye ta don mutum ɗaya, ina so in toshe bakin da ya zarge ni.

Na ɗaga murya yadda na bayan gida ma zai ji. "Hajiya Dije, ga taki. 'Yar Kamaru ce, ba irin na kasuwarmu ba. Ki taɓa ki ji."

Ta karɓa. Ta warware ta a hankali, tana bin gefen da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta tsaya a wani wuri, ta ɗaga shi sama. Wata 'yar huda ce mai baƙin baki, rana na leƙowa ta ciki.

"Iya, kin ga nan? Kaskon turare ne ya ƙona min ita ranar sunan ɗan ƙanwata." Ta ninke ta ta ɗora a cinya. "Zare ɗaya kika ce. Wannan kuwa har da sauran zaren duka. Da safe zan je kasuwar, ko yanzu kike so?"

Mai jego ta ture gidan sauro daga jikinta kamar wuta. Ni kuwa na hau jera kofunan shayi kamar ba da ni ake ba.

Ana haka Hauwa ta shigo, ƙafa duk laka. Idonta ya faɗa kan bokiti. Ta ce, "Inna, wannan fa? A ina kika samo bokitin 'yan ambaliya?"

Na ce, "Sallamata aka yi."

Ta zauna a ƙasa daɓas. "Wayyo Allah. Ke ce tsohuwar da 'yarta ta yar a gindin bishiya? Tun azahar ake neman muguwar 'yar nan a sansani. Har da ni a masu tsine mata!"

Wata ta fara ƙunshe dariya a mayafi, sai gidan ya fashe gaba ɗaya. Hajiya Dije kaɗai ba ta yi ba. Ta ce labari ne mai daɗi, amma ita ba ta sayen labari, sai ta gani da idonta.

Saboda haka ga ta ƙarshe, ku rubuta ta a bango. A wurin taimako ba a sallamar baƙo. Duk abin da aka miƙo muku, ko allura ce, ku tambaya na wane ne. Kuma in an ce muku "ya ruwa", ku ce alhamdu lillahi ku rufe baki.

Washegari na bi gida gida na karɓo sabulun da na raba (wata har ta yi wanki da nata, ta ba ni ɗan guntu kamar ƙwayar dabino). Na haɗa komai a bokiti, na ɗora a ka da leshina da awarwarona, Hajiya Dije na biye da ni da jakarta a hammata. A gada mutumin jiya ya kalle ni, ya kalli bokiti, ya buɗe baki, na ce, "Ɗana, kada ka tambaya."

A sansani Hajiya Dije ta shiga bin mutane da ido. Ta ga zanen matar liman a jikin wata mai goyo. Ta ga atamfarta, wadda ta fito daga ƙunshin nan, an yi wa wani tsoho matashin kai da ita. Ta ɗauki lafayar da hannunta ta yafa wa wata tsohuwa da ke rawar sanyi, ta daɗe tana gyara mata a kafaɗa. Sannan ta juyo, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Tamfol ɗin nan wane iri ake so? Ki faɗa min daidai, kada a kawo mana takalmi mai tsini."

Ƙafafunmu suka gaji, muka zauna a gindin darbejiyar nan. Sai ga yarinyar jiya. Ta gane ni duk da leshi, ta rungume ni ta ce, "Kaka, 'yar taki ta dawo ta ɗauke ki?" Kafin in amsa ta durƙusa gaban Hajiya Dije ta riƙe mata hannu.

"Inna, ya ruwa?"

Hajiya Dije ta gyara zama ta ce, "Hmm, 'yar nan, ai bana ruwa ya yi mana ɓarna, ɗakin ajiyata kaf..."

Na take mata ƙafa.