Kyaftin Ya Kawo Teku Falo

Duk faɗin kasuwar 'yan tayil babu wanda Allah ya yi wa baiwar sanin teku kamar Kyaftin. Ina ruwansa da karatun jirgin ruwa? Shi da idonsa ya ga teku, ta tagar wani otal, lokacin da ya je saro kaya. Tun da ya dawo bakinsa bai huta ba. Kullum ya ba da labarin sai igiyar ruwan ta ƙara tsawo, har 'yan kasuwa suka laƙaba masa Kyaftin, shi kuwa ya karɓe sunan hannu biyu, ya sa aka rubuta masa a gilashin mota.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: shugabancin ƙungiyar 'yan tayil. Dattawan ƙungiya ke zaɓa, abokin takararsa kuwa ya riga ya kai su gidansa sun ga dawisu. Abin ya ci wa Kyaftin rai ƙwarai. Ya ce, "Tsuntsu? Ni teku zan kawo musu falo, da kifayenta."

Ya dira shagon masu sayar da kifin ado yana kaɗa makullin mota. Mai shago ya jero masa kayan da mai farawa ke bukata. Kyaftin ya zaɓi akwatin gilashi mafi girma, da fitila mai canza launi, da jirgin roba da ake nutsarwa a ƙasa. Da aka nuna masa matatar ruwa ya tambayi inda ake ajiye ta. Aka ce cikin kabad, ƙarƙashin akwatin.

"To wa zai gan ta? Ba na sayen abin ɓoyewa."

Aka miƙo ma'aunin gishiri. Ya fito da harshensa ya nuna da yatsa. "Ga ma'auni nan, na Allah, ba ya bukatar batir." Buhun gishirin teku kuwa dariya ya ba shi har da riƙe ciki. Gishiri dai gishiri ne, in ji shi, kuma akwai shi a kicin. Mai shago ya fara cewa ruwan sai ya kwanta na wasu makonni kafin a zuba kifi, amma da ya ga Kyaftin na nuna kifaye mafi tsada, sai ya haɗiye sauran maganar. "Ranka ya daɗe, ai kai ne teku."

A gida aka cika akwati da ruwan famfo. Kyaftin ya naɗe hannun riga, ya juye gishirin uwargida kaf, ya juya da ludayi, ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Bai ji ba. Ƙaro."

"Maigida, miya ce?"

"Ke dai ƙaro. Ke kin taɓa ganin teku?"

Ba ta taɓa ba, baiwar Allah, don haka ta aro na maƙwabta. Mutumin da ya saba ƙara wa labari gishiri ai hannunsa ba ya rawa. Sai da ruwan ya sa shi tari da hawaye sannan ya ce yauwa, haka take. Ana gobe dattawa za su zo aka kawo kifaye, masu ratsin ruwan lemo da masu shuɗi, ya juye su, ya lulluɓe akwatin da farin yadi don kada ido ya riga manya.

Washegari dattawa suka cika falo. Kyaftin ya tsaya gaban yadin, hannu ɗaya a ƙirji.

"Iyayena, shugabanci riƙo ne. Wanda ya iya riƙe halittun teku a ɗakinsa, ya san cinsu, ya san shansu, ya san abin da ke ransu, riƙe 'yan tayil wasa ne a wurinsa. Yadda za ku ga na riƙe waɗannan, wallahi haka zan riƙe ku."

Ya fizge yadin.

Fitila na ta aikinta, ja, kore, shuɗi. Kifayen kuwa duk suna saman ruwa, ciki a sama, ko motsi.

Kyaftin ya yi gyaran murya. "Haka kifin teku yake gaida manya. Ladabi ne."

Babban dattijon ƙungiya ya dogara sandarsa ya matso. Ya ƙwanƙwasa gilashin, ya jira a amsa, ba a amsa ba. Ya tsoma yatsa ya kai baki, fuskarsa ta yamutse, ya nemi ruwan sha. Sannan ya laluba takalminsa da ƙafa, sauran dattawa suka miƙe tare da shi.

"Baba, ba a kawo abinci ba. Maganar zaɓen fa?"

Dattijon ya juyo daga bakin ƙofa. "Ɗana, wanda aka haifa cikin gishiri ma bai kwana a hannunka ba. Mu da likita ya hana mu gishiri, ka rufa mana asiri."