Yaƙin Mudassiru da Tattabarun Kan Kwano

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe babin waƙi'ar Mudassiru ɗan Ilu Mai Rediyo, jikan Barmo wanda ya gyara agogon unguwa ya koma tafiya da baya, tattaɓa-kunnen Ɗangaske da ya fara shiga Malumfashi da tocila jama'a suka watse. Mudassiru gadar waɗanda ba a gani, zauren da ba ya tambayar suna, Sarkin Yaƙin ɗakin ƙofar gida!

Amma ba'adu, ku sani akwai wata hanya a intanet da masu gudun a gane su ke bi, kamar ɗan jaridar da ake farauta, ko mai ciwon da yake kunyar faɗa. Saƙonsu ba ya tafiya kai tsaye. Kwamfutocin 'yan sa-kai ne ke miƙa shi hannu zuwa hannu har a rasa inda ya fito. Cikin wannan runduna Mudassiru ya shigar da tsohuwar kwamfutarsa, mai ƙugi kamar injin markaɗe, ba albashi ba na gode. Al'adar rundunar ita ce, duk na'urar da ta daɗe tana aiki ba ta mutu ba, a ba ta tutar Mai Gadi, wata 'yar alama a gefen sunanta. In kuwa ta mutu, sai a koma farko. Saboda wannan tuta gwarzonmu ya ƙaurace wa biki da suna, ya rame, abokai suka yi fushi suka gaji.

A ranar da ake sa ran samun tutar, da hantsi, masu wuta suka yi abin da suka saba. Sadauki bai girgiza ba, don yana da faranti mai zuƙar hasken rana a kan kwano. Sai ga batir ya fara kuka, ƙit, ƙit, kukan mai shirin barin duniya. Ya fito tsakar gida ya ɗaga kai, a nan ya ga ƙarshen cin amana: tattabarun maƙwabcinsa sun yi sansani a kan farantin, sun shafe shi fari fat da abin da alƙalami ke jin nauyin rubutawa.

Ina masu ƙirga mazaje! Mudassiru ya yi ɗamara da igiyar shanya, ya rataya bokiti, ya ɗauki tsumma a dama, tsintsiya a hagu, ya jingina tsanin da tun zamanin kakansa gara ke kalaci da shi, ya hau yana ambaton Allah a kowane mataki, tsanin kuma yana amsawa. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsa da ta zo daga ƙauye ganin gida, tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, tana kallon ikon Allah.

"Yau ko ni ko ku!" in ji Sarkin Yaƙi.

Rundunar maƙiya ta tashi fir, ta yi da'ira, ta dawo ta bayansa. Wani jan namiji mai ƙaton wuya ya ƙi motsi, ya tsaya yana kallonsa ido cikin ido, ya kuma ƙara aikata laifin a gabansa. Aka gwabza. Kwano ya ƙona masa gwiwa, tsintsiya ta faɗa gidan maƙwabta, wando ya yage a inda ba a so, amma bai ja da baya ba, yana goga yana kabbara, har farantin ya yi ƙyalli, har kukan batir ya yanke daga ƙasa, ƙugin kwamfuta ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wallahi ni mai ba da labarin nan sai da na ji tausayinsa, ya yi nasara babu ko mutum ɗaya mai yi masa guɗa.

Ya sauko yana ɗingishi. Zuciyar jarumi kuwa ba ta iya riƙe nasara ita kaɗai.

"Gwaggo, kin san abin da na ceta? Dubban baƙi ke ratsa ɗakin nan kullum, daga ƙasashen duniya. Yanzu haka suna ciki."

Gwaggo ta ajiye gyaɗa. "Baƙi? A gidan yayana? Me aka ba su?"

"Ai ba a ba su komai, Gwaggo. Ko sunansu ba a tambaya."

Ta riƙe haɓa tana kallon ƙofar ɗakin. Shi kuma ya ɗauka girman al'amarin ne ya ɗaure mata kai, ya wuce banɗaki ya wanke ƙurar yaƙi, yana tsara yadda zai karɓi tutarsa.

Da ya fito sai ya ji gidan shiru. Babu ƙugi. Wani sauti ne daban ke fitowa daga ɗakin, na tafasar ruwa. Ya faɗa ciki da tawul a ƙugu. Wayar kwamfuta na yashe a ƙasa, a gurbinta an soka ta butar lantarki, Gwaggo kuma ta jera duk kofunan gidan a faranti, har da na aro.

Mudassiru ya jingina da bango. Watannin da ya yi yana gadi suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya ji hawaye na neman tona masa asiri.

"To, kira su," in ji Gwaggo, tana zuba sukari a shayi.

"Sun tafi, Gwaggo."

Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta leƙa bayan ƙofa, ta girgiza kai.

"Ba sallamar shigowa, ba ta fita. Ɗan nan, ka daina tara mana marasa tarbiyya a gida. Ungo, sha kada ya huce."