Karen Kumandan da Takalmin Liman

Zamanin Nasara, kumandan Magariya ya samu kwikwiyon farauta. Na bugi ƙirji na ce zan koya masa ɗauko tsuntsu ya riƙe, ni da ko akuya ban taɓa horarwa ba. Na ga asarar tsuntsu, sai na riƙa jefa masa tsohon takalmina. Ya kuwa ƙware.

Ranar gwaji a Dungas, kumandan ya harbo zabuwa. Na daka tsawa: "Kawo!" Karen ya tsallake zabuwar, ya nufi ƙofar masallaci, ya dawo da takalmin liman, ya ƙi saki.

Kumandan har da hawaye don dariya. Liman kuwa ko murmushi bai yi ba.

Har yau, in takalmi ya ɓata a masallaci, wurina ake juyowa: "Malam, ina ɗalibinka?"