Gwamnatina da Mabuɗin Laburare

Na dawo gida daga karatu a ƙasar waje ina shakkar duk wani abu da ake kira shugabancin ɗalibai. A inda na yi karatu, shugaban ɗalibai yaro ne mai jera kujeru kafin taro, ya kwashe su bayan an tashi. Don haka da firinsifal ya ce ban da darasin tarihi ni ne zan zama uban majalisar ɗalibai, sai na ɗauka aikin lura da kujeru aka ba ni. Allah ya yafe mini. Ban san a makarantarmu ake renon manyan gobe ba, har an samu ɗaya da ya gaji da jiran goben.

Shekararsa goma sha bakwai. Ɗalibai suna ce masa Gwamnatina, domin bakinsa ba ya iya furta "ni". Gwamnatina ba ta ji daɗin hayaniyar aji uku ba. Gwamnatina za ta je fitsari ta dawo. Yana sa kwat ko da rana ta take, da bajo huɗu a ƙirji, uku daga ciki shi ya ba kansa. Ba ya gudu, ko an buga ƙararrawa, saboda shugaba ba ya makara, sai dai darasi ya yi gaggawar farawa. Akwai sakatarensa mai bin sa da fayil. Na taɓa leƙa fayil ɗin, na tarar da hotunan Gwamnatina guda shida da cokali.

Shi ne ya kafa Ƙungiyar Haziƙai. Da aka kawo shawarar a ɗauki goman farko na kowane aji, sai ya miƙe ya gyara laktaye.

"'Yan'uwana ɗalibai, maki ba shi ne hazaƙa ba. Gwamnatina tana duba kamala, da iya tsayuwa, da yadda mutum yake gaida na gaba."

Wannan hangen nesa ya taimaki ƙungiyar ƙwarai, don da an bi maki, da ta rasa wanda ya kafa ta. Shi ne na talatin da ɗaya a ajin mutum talatin da biyar.

Saura mako huɗu jarrabawar fita, wata yarinya 'yar aji shida ta kai kuka ofishin firinsifal. 'Yar mai faci ce, tana son shiga makarantar koyon jinya, kuma ba a shiga sai an ci kemistiri. Littafin kemistirin kwafi uku ne a duk makarantar, suna laburare, ba a fita da su. Mai kula da laburaren kuwa ƙarfe biyu take rufewa, daidai lokacin da ake tashi daga aji. Firinsifal ya ga gaskiyar yarinyar. Ya ɗauko mabuɗi na biyu ya miƙa wa shugaban ɗalibai, ya ce ya riƙa buɗewa daga biyu zuwa biyar har a gama jarrabawa.

Washegari mabuɗin ya fito filin taro rataye a wuyan Gwamnatina, a jikin jan ƙyalle.

Yarinyar ta tare shi a baranda ƙarfe biyu da minti biyar. Ina tsaye kusa, na ji komai.

"Yaya, don Allah a buɗe mana."

"Wane ne yayanki?"

"To, ranka ya daɗe, a buɗe mana."

"Kin rubuto?"

"Me zan rubuta? Ga ƙofa, ga mabuɗi a wuyanka kamar akuyar da ake tsoron ta ɓata."

Gwamnatina ta yi haƙuri irin na manya. Ta bayyana mata cewa buƙata tana bi ta hannun monita, monita ya kai wa wakilin aji, wakilin aji ya kai wa sakatare. Sakataren yana tsaye a wurin yana gyaɗa kai, amma bai karɓi buƙatar ba, tunda ba ta hannun monita ta zo ba.

Takardar da yarinyar ta rubuta ta yi kwana biyar a hanya, tafiyar da ba ta kai taku arba'in ba. Da ta iso, sai Gwamnatina ta gano cewa matsalar ta fi ƙarfin ƙofa. Ta kafa Kwamitin Farfaɗo da Ɗabi'ar Karatu, mai mutum tara, ta naɗa kanta shugaba bayan ta nuna ba ta so. Kwamiti kuwa sai da wurin zama, kuma ɗaki ɗaya ne a makarantar mai fanka da kujerun katifa, wato laburare. Suka riƙa zama kullum daga biyu zuwa biyar.

Na je wurin firinsifal na ce lokaci yana ƙurewa.

"Malam, kai da ka ga duniya, ai ka fi ni sani," in ji shi. "Ba a tsoma wa yara baki. Shugabanci muke koya musu."

Ni ne kuwa na faɗi haka a taron malamai makon da na zo, har aka tafa mini.

Yarinyar dai ta ci gaba da zuwa. Takan zauna a dakalin baranda da tsohon littafin rubutun wata yayarta, wanda ruwa ya cinye rabinsa. Na so in taimaka, amma abin da na sani a kemistiri bai wuce shekarar da aka haifi wasu masanansa ba. Ranar jarrabawa ta fito tun lokaci bai cika ba. Na ce, "Yaya jarrabawar?" Ta ce, "Malam, tambaya uku ban taɓa ganin irinsu ba." Ba ta yi kuka ba. Ta saɓa jakarta ta nufi shagon babanta.

Bayan kwana biyu Gwamnatina ta karanta rahoto a filin taro, shafi goma sha ɗaya, tara daga ciki godiya ce.

"Cikin baƙin ciki nake sanar da ku cewa a zama goma sha huɗu da kwamitina ya yi a laburare, ko ɗalibi ɗaya bai shigo ya ɗauki littafi ba. Ko ɗaya! Ɗabi'ar karatu ta mutu. Saboda haka muna ba da shawara a mai da ɗakin ofishin majalisa na dindindin, kada ya zauna a banza."

Aka yi tafi. Firinsifal ya miƙa masa takardar yabo, sakatare ya ɗauki hoto na bakwai.

Da aka watse na ja shi gefe, domin a matsayina na malamin tarihi ina son sanin yadda ake tattara hujja.

"Shugaba, duk zaman nan da kuka yi, ƙofar a buɗe take?"

Ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda ya daɗe a waje har ya manta yadda ake aiki.

"Haba Malam, a buɗe? Ai da sun cika mana ɗakin. Ina za mu samu natsuwar gano abin da ya hana su zuwa?"