Rasuwar Faifan da Malam Ya Ce Ya Fasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, iyalan Malam Abdulmuminu na unguwar Kwaciri suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar faifan CD ɗin nan, kundin waƙoƙin Tanimu Mai Fitila mai suna Zauren Babana. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi a kan Titin Ibrahim Taiwo, cikin motar Malam. Waɗanda suka ji Malam da kunnensu yana cewa ya fasa shi tun shekarun baya su yi haƙuri, bai fasa ba. Wannan ce rasuwar gaskiya.

Marigayin haifaffen Sabon Gari ne. A can Alhaji Yekini, mai sayar da man gyaɗa da taliya a Kasuwar Singa, ya saye shi a makon da ya fito, lokacin da gari ya rabu biyu a kan mawaƙin. Wanda bai san Tanimu ba, shi ne wanda ake turowa dandali a cikin baro, rabin fuska shafe da alli, riƙe da fitilar ƙwai da rana tsaka. A waƙa ɗaya sai ya yi muryar uwa, ya yi ta ɗa, ya yi ta mai gidan haya, ya fashe da kuka, kafin hawaye ya bushe ya kece da dariya. Masoyansa suka ce tun da ake waƙa ba a yi mai taɓa zuciya kamarsa ba. Sauran suka ce wannan ba mawaƙi ba ne, a nemo masa masu ruƙiyya. Ba a taɓa samun wanda ya saurari Tanimu sannan ya ce "ba laifi" kawai ba.

Majalisar su Malam, wadda ke zama a dakali bayan la'asar, ita ma ta rabu, sai dai rabon ba adalci: Alhaji Yekini gefe guda, sauran dattawa gefe guda. Malam kuwa malamin makaranta ne, ɗan gidan malamai, in ya yanke magana ba mai ɗorawa. Ya ce namiji mai gemu ya tsaya gaban jama'a yana kuka zubar da mutunci ne, mai sauraronsa ma ya bi sahu. Alhaji Yekini, wanda ke ganin girman Malam tun suna samari, ya je ya ɗauko faifan ya miƙa da hannu biyu, bai ma kai ga waƙar ƙarshe ba. Ya ce, "Malam, tunda ka faɗa, ga shi. Ka fasa."

A hanyar gida Malam ya ce bari ya saurara sau ɗaya, don ya san irin ɓarnar da yake yaƙa. Nan labari ya sha bamban. Waƙar ƙarshe ta wani ce da ya dawo gida bayan rasuwar mahaifinsa, ya tarar an sayar da zaure. Zauren mahaifin Malam ma, inda aka yi karatu shekara da shekaru a garinsu, magada sun sayar. Malam ya tsayar da mota a gefen hanya, ya yi abin da ya ce bai dace da mai gemu ba.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ya zauna cikin rediyon mota bai taɓa neman a fito da shi shan iska ba. Ba ya buɗe baki sai an ɗaga gilasai, kuma da an shigo kwanar unguwa sai ya kama bakinsa. Matar Malam, Hajiya Ummakulsum, ta daɗe tana tausaya wa maigidanta kan cunkoson da ke tsare shi kullum tsakanin makaranta da gida.

Shi kuwa Alhaji Yekini ya riƙe maganar Malam da gaske. Ya hana waƙar Tanimu a gidansa. In ya ji ta a kasuwa sai ya canza layi. 'Yarsa Barakat ta roƙa a sa mata ɗaya a bikinta, ya ce ba a gidansa ba, ai Malam ya yi magana. Malam ya san duk wannan, ya yi shiru, kuma nan ne kunyar ta fi ciwo.

Jinya ta fara da i'ina. Marigayin ya samu karce, yakan maƙale a wuri ɗaya cikin waƙar ƙarshe. Malam ya gano maganinsa: mari ɗaya a kan rediyo, sannan ya ƙarasa masa baitin da baki. Daga baya ya ƙi fitowa sam, rediyon kuma ya koyi kunna kansa in mota ta girgiza. Nwabueze makanike ya ce a bar masa motar ya kwance rediyon. Malam ya ce ba gaggawa, don ya san abin da za a tarar a ciki.

Ranar Asabar aka ɗaura auren Barakat, kuma Malam ne Alhaji Yekini ya ba walicci. Mai mota ba ya cewa a'a ranar ɗaurin aure, don haka ya kwashi dattawan majalisa a baya, uban amarya a gaba. Wani ɗan adaidaita ya yanko, Malam ya taka birki, marigayin ya farka da iyakar muryarsa:

"Wayyo Baba, na dawo! Zaurenka ya za, ya za, ya za..."

Har a nan da sauran mafita. Ɗaya daga cikin dattawan kujerar baya, Malam Bahauddeen, ya ma fara cewa yaran yanzu ba a ba su aron mota. Amma hannu ya riga hankali. Malam ya kai wa rediyo mari, ya dafe ƙirji, ya ƙarasa da murya mai karkarwa: "...ya zama shagon taya!"

 Alhaji Yekini ya juya yana kallon shaguna. Da zagi ya yi, da Malam ya fi samun sauƙi. Malam ya tsaya, ya zira makulli a bakin rediyo ya ɓanɓaro marigayin, ya fito gida biyu. An ɗaura aure lafiya, sai dai da aka zo kan waliyyi, sai da aka manna masa lasifika a baki kafin a ji shi.

Marigayin ya bar rediyo mai buɗaɗɗen baki, da bangonsa mai hoton Tanimu a ƙarƙashin kujerar direba, da Malam Abdulmuminu, wanda tun ranar bai leƙa dakali ba, salla ma sai a masallacin wata unguwa.

Game da jana'iza, tunda gawa ta danginta ce, an aika wa Alhaji Yekini ya zo ya karɓa. Ya ce, "Ku gaya wa Malam ba ni da abin yi da fasasshen faifai. Amma ni ban ji waƙar ƙarshe ba, shi kuwa ya haddace. Ya zo ya rera mini."

Saboda haka za a yi sutura gobe bayan la'asar a dakalin majalisa, Malam ne zai jagoranta, a tsaye, daga baitin farko har na ƙarshe. Ba a buƙatar tabarma ko abincin makoki, kuma ana roƙon matasa su bar wayoyinsu a aljihu. Malam ya amsa zai zo, ya dai roƙi a yafe masa allin. Alhaji Yekini ya yafe, ya kuma sa an share wa Malam wurin zamansa na kullum, kusa da nasa.